Malam Ƙamus da Jan Layin Kwamfuta

A layin shagunan da ke kallon babban ofishin ajiyar takardu, akwai wani mai buga wa mutane takardu a kwamfuta, kowa Malam Ƙamus yake ce masa. Mutum ne mai fara'a, ba ya cutar kowa, ba a taɓa jin shi da wani ba. Aibinsa ɗaya ne tak. Ba ya so a ce akwai wani abu a Turanci da bai sani ba, kuma ko shi kaɗai ne a ɗaki, ba ya yarda ya faɗa wa kansa gaskiya.

Shagon nasa ɗan tsukuku ne. Tebur ɗaya, kwamfuta, firinta mai yawan cinye takarda, fanka mai kuka, sai benci guda na masu jira. Shekara goma sha bakwai yana zama a kujerar nan har tsakiyarta ta lotsa. Mutum zai kawo wasiƙar neman aiki ko takardar koke, ya rubuto da hannu, Turancin duk ya karkace. Sai Malam Ƙamus ya gyara zaman tabarau, ya girgiza kai, ya ce, "Wannan wasiƙar taka tana jin jiki, amma kar ka damu, yanzu za mu yi mata allura." Kafin mutum ya gama gyara zama, takarda ta fito tas. Daga nan sunan ya samo asali.

Abin da masu zama a bencin ba sa gani, tunda bayan kwamfutar suke kallo, shi ne ba shi kaɗai ke aikin ba. In an ɓata rubutun kalma, kwamfutar za ta ja mata jan layi a ƙasa. In jimla ce ta karkace, sai ta ja shuɗi. Shi kuma ya danna, ta kawo masa gyara, ya karɓa. Yau da gobe hannunsa ya saba, har ya zama shi kansa ba ya lura yana yi. Tsakani da Allah ya yarda daga kansa gyaran ke fitowa.

Sannu a hankali aiki ya fara ja da baya. Mutane sun koma rubuta abinsu a waya, sai dai su zo a fitar musu da shafi ɗaya su wuce. Wata ran yakan wuni yana goge tebur ɗin da ba shi da ƙura. Ana cikin haka ofishin da ke tsallaken titi ya liƙa sanarwa: ana neman akawu goma sha biyu, aikin dindindin, amma sai an ci jarrabawa, kuma wanda ya cika shekara arba'in ba ya ciki. Malam Ƙamus saura wata biyar ya cika arba'in, ofishin kuwa sai shekara uku-uku yake ɗaukar mutane. Ke nan in wannan ta wuce shi, ta wuce ke nan.

Ranar ya koma gida cin abincin rana da fom a hannu. Matarsa ta goge hannu ta karɓa, ta juya shi gaba da baya.

"Baban yara, me ake tambaya a jarrabawar?"

"Turanci ne, Uwargida. Jimla hamsin. Kowace an ja layi a wani yanki nata, a ba ka zaɓi huɗu, ka nuna wanda ya fi daidai. Awa ɗaya. Wanda ya ci talatin da biyar ya haye."

"To ai sai ka fara karatu."

Ya yi dariya har ya ajiye cokali. "Karatu? Ni da nake gyara wa masu digiri Turancinsu? Ki dai fara koyon zama matar akawu."

Ita ma ta yi murmushi, amma ta ce, "Gwaggo Malama tana nan fa. Shekara talatin tana koyar da Turanci kafin ta yi ritaya. Ka leƙa ta ko sau ɗaya, ba abin da za ka rasa."

"Zan leƙa in gaishe ta," in ji shi.

A jikin shagonsa daga dama akwai wata mai sayar da biro da ambulan da littattafan rubutu, ana ce mata Anti Biro. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ita ma ta cika fom. Daga hagu kuma akwai Mai Hoto, wanda ke ɗaukar hoton fasfo, bakinsa ba ya shiru. Da ya ji labari sai ya leƙo yana riƙe da kyamara.

"Ranka ya daɗe, Oga Akawu! In ka shiga cikin sanyin nan kar ka manta da mu 'yan rana. Ke kuma Anti Biro, ina za ki? Biro kike sayarwa fa, ba abin da ake rubutawa da shi ba."

"Bar ni in gwada, Mai Hoto," ta ce. "Ko na faɗi, ai ba daga bene zan faɗo ba."

Su biyun suka sami littafin tsoffin tambayoyi iri ɗaya, mai amsoshi a shafukan baya. Malam Ƙamus ya fito da tasa dabarar. Sai ya buɗe littafin a gefen kwamfuta, ya buga jimlar sau huɗu, kowace da zaɓinta. Wadda kwamfuta ta ja wa layi ya jefar. Wadda ta bari fes ita ce amsa. In kuma ta yi shiru a kan guda biyu, wanda yakan faru sau da yawa, sai ya zaɓi ɗaya a ransa, ya ɗan ɗaga shafin baya, wai don ya tabbatar. In ya ga ba ita ba ce, sai ya ce, "Ai dama ita nake shirin zaɓa," ya yi wa kansa maki. Da yamma ya rubuta a saman shafi da jan biro, arba'in da shida, wata ran arba'in da takwas, ya bar littafin a buɗe inda mai shigowa zai gani.

Wata safiya Anti Biro ta shigo da nata littafin, yatsanta a kan wata tambaya.

"Malam Ƙamus, don Allah taimaka. Bayan littafi ya ce ta uku ce daidai. Na yarda. Amma me ya sa? Me ta biyun ta yi?"

Ya karɓa ya duba. Ya karanta ta biyu, ya karanta ta uku. Duk biyun daɗi suka yi masa. Ya yi gyaran murya.

"Anti Biro, Turanci ai kunne ne. Ji ake yi. In kin daɗe a cikinsa kamar mu, da kin karanta za ki ji wadda ta yi tsami."

"To ni kunnen nawa bai ji komai ba."

"Sai a hankali," ya ce, ya miƙa mata littafinta.

Ta koma shagonta. Matar Malam Ƙamus ce ta zo sayen littafin rubutu na yara ta same ta ta yi tagumi. Da ta ji damuwarta, ta kwatanta mata gidan Gwaggo Malama. Tun daga ranar, Litinin da Laraba da Juma'a, da ƙarfe huɗu Anti Biro ke ja ƙofar shagonta ta tafi.

Shi kuwa sai da matarsa ta yi ta tuni kafin ya je, wata Asabar da hantsi, saura sati shida jarrabawa. Gwaggo Malama ƙanwar mahaifin matarsa ce, tsohuwa ƙarama mai magana a hankali, tabaranta a rataye da zare. Ta sa shi ya zauna a teburin cin abinci. Bayan an gaisa an tambayi yara, ya buɗe mata littafin, ya nuna jan biron nan.

Ta duba ta jinjina kai. "Ma sha Allah. Arba'in da takwas. Ɗan nan, ni kaina ban cika samun haka ba. To bari mu yi ɗaya tare, don in ji daɗi."

Ta buɗe sashen da bai taɓa ba. Ta kama shafukan amsa ta danne su da ƙaton kilif na maƙale takardu. Ta ajiye masa fensir, ta ɗauko agogon tebur ta kafa a gabansa, ta koma kujerarta tana gyaran wake a faranti.

Tambaya ta farko ya wuce da sauri. Ta biyu ma haka. Daga ta biyar abu ya fara tsayawa. Sai ya karanta zaɓi huɗu, kowanne ya yi masa kama da wasiƙun da ya saba bugawa. Ya duba ƙasan kalmomin, babu ja babu shuɗi, farar takarda kawai. Agogo na ta tafiya. Da awa ta cika, tsohuwar ta karɓa ta yi maki, ta juyo masa da takardar. Goma sha tara.

Ya ce, "Gwaggo, rubutun littafin nan ƙanana ne. Ga kuma rediyon maƙwabtanku. Sannan ban karya da kyau ba."

"Haka ne, rediyon nan yana damun kowa," ta ce. Ta sa tabarau, ta nuna wata da ya ci. "Wannan ka samu. Faɗa min dalilin da ya sa ka zaɓe ta."

Ya ƙura wa takardar ido.

"Wannan fa?"

Ya hau murza fensir.

Ta cire tabarau ta bar shi ya faɗo mata a ƙirji. "Ɗan nan, ba abin kunya ba ne. Idonka ya ga Turanci da yawa, ya fi na yawancin waɗanda za su zauna tare da kai. Abin da ya rage, ba a taɓa zaunar da kai an nuna maka dalili ba. Dokokin da suke tambaya ba su fi goma sha biyu ba, su suke ta juyawa. Ka samo littafin rubutu, duk wadda ka faɗi ka rubuta ta, ka rubuta dalili a ƙasa da hannunka. Sati shida ya ishe ka, har da ragi. Ka riƙa zuwa da huɗu, ku zauna da maƙwabciyarka."

Maganar maƙwabciya ita ta soke shi. Ya hango kansa a teburin nan, Anti Biro a gefe tana jin ana tambayarsa dalili yana inda-inda. Ya hango Mai Hoto ya samu labari, layi gaba ɗaya ya ɗauka.

"Gwaggo, shago ba zai yiwu in bar shi ba. Da huɗu ne ma mutane ke zuwa."

"To ka zo da safe."

"Zan duba," ya ce. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu. A bakin ƙofa ya juyo. "Don Allah, wannan maganar ta tsaya tsakaninmu."

"Ni ba zan faɗa ba," in ji ta. "Amma takardar jarrabawa ba ta iya riƙe sirri."

A hanya ya yayyaga takardar ya zuba a kwandon shara. Da ya isa gida matarsa ta tare shi tun daga tsakar gida.

"Ya kuka yi da Gwaggo?"

"Ta ce babu matsala."

"Alhamdulillahi," ta ce, fuskarta ta washe. Ya wuce ɗaki da sauri don kar ya ci gaba da ganin fuskar.

Ranar Litinin ya koma wa dabararsa. Arba'in da bakwai. Ya kalli jan biron, ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya ce wa kansa lallai ranar Asabar ɗin nan ba shi da lafiya ne.

Ita kuwa Anti Biro, ran farko goma sha huɗu ta ci a gidan Gwaggo, kuma da bakinta ta zo ta ba da labari tana dariya. Mai Hoto ya riƙe ciki. "Sha huɗu! Anti Biro, ko ni da na rufe ido na yi canki-canka ai na fi haka." Ba ta ji haushi ba. Ta ɗauki littafin rubutu ɗaya daga cikin hajarta, ta fara cika shi. In babu ciniki za ka gan ta a bakin shago, ta duƙa, leɓenta na motsi. Sati na biyu ta ce ta kai ashirin da biyu. Na huɗu ta kai talatin. Malam Ƙamus yana jiyo ta ta bango, sai ya ƙara ƙarar fanka.

Saura kwana goma, da tsakar rana aka ɗauke wuta. Kwamfuta ta mutu, fanka ta tsaya, layin ya yi tsit. Malam Ƙamus ya zauna shi da littafi. Ya leƙa waje, ba mai kallonsa. Ya ɗauki fensir ya yi tambaya goma ba tare da ya ɗaga shafin baya ba, sannan ya duba. Huɗu ya ci. Ya kalli agogo, uku da rabi. Ya ji Anti Biro tana jan ƙofarta, tana ce wa Mai Hoto ya sa mata ido. Ya miƙe, har ya ɗauki makullinsa. Yana tsaye a bakin ƙofa sai fanka ta yi ƙara ta fara juyawa, kwamfuta ta yi ƙyaf ta kawo haske.

Anti Biro ta waiwayo. "Malam Ƙamus, fita za ka yi? Mu je mana in hanyarmu ɗaya."

"A'a, iska nake sha," ya ce. Ya koma ya zauna.

Ranar jarrabawa aka tara su da safe a wani babban zaure mai tebura a jere. Aka karɓe wayoyi a bakin ƙofa, aka ba kowa fensir da takarda. Malam Ƙamus ya sa farar rigarsa mai guga, mutane biyu-uku da suka san shi har suna cewa su dai a ajiye su kusa da shi. Aka ce a fara.

Ya buɗe. Jimlolin ba baƙi ba ne, irin su ya wuni yana bugawa shekara da shekaru. Amma kowane zaɓi ya karanta sai ya ji kamar shi ne. Yatsansa na dama sai motsi yake a kan tebur yana neman abin dannawa. Ya cika, ya goge, ya sake cikawa, har takardar ta fara yin baƙi. Can gaba ya hango Anti Biro, kanta a duƙe, tana ɗan ja da fensir a ƙarƙashin kalmomi, ta cika, ta wuce. Da mai tsaro ya ce saura minti biyar, yana kan ta talatin da ɗaya. Sauran ya bi su ya cike yadda hannu ya faɗa.

A waje Mai Hoto na jiransu. "Oga Akawu, ya aka ji da su?"

"Sun ɗan yi wayo, amma mun gama da su," ya ce. Haka ya faɗa a gida ma.

Bayan sati uku aka liƙa sakamako a allon ofis, da misalin sha ɗaya na safe. Ya tsallaka titi ya kutsa cikin mutane. Sunaye goma sha biyu. Ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya dawo daga ƙasa zuwa sama. Na tara sunan Anti Biro ne, da talatin da bakwai. Nasa yana cikin doguwar takardar da ke gefe, ashirin da ɗaya.

Tana bayansa, ta rufe baki da mayafi tana hawaye. Ya juya ya ce, "Allah ya sanya alheri, Anti. Kin yi ƙoƙari." Da gaske ya faɗa. Mai Hoto da ke tsaye a tsallake ya buɗe baki zai yi magana, ya ga fuskar Malam Ƙamus, ya koma cikin shagonsa.

Malam Ƙamus bai buɗe shago ba, gida ya nufa. Ya tarar da matarsa a falo ta shimfiɗa sababbin riguna biyu masu dogon hannu a kan kujera, tana cire zaren da tela ya bari.

"Kai, ka ɓata min shiri!" ta ce tana dariya. "So na yi sai ranar da za ka fara. Zo ka gwada mu ga kafaɗar."

Bai matsa ba. Ta dube shi da kyau, dariyar ta tsaya.

"Ban ci ba," ya ce.

Ta zauna a hannun kujera. "To. Allah bai nufa ba. Amma kai da kake cin arba'in da wani abu? Ko an yi kuskure wajen maki?"

Nan ne ya ji ya gaji. Ya zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, ya faɗa mata komai, yadda yake yi da kwamfuta, da ɗaga shafin baya, da abin da ya ci a gidan Gwaggo, da abin da Gwaggo ta ce.

Ta shafa hannun rigar.

"Sati shida," ta ce a hankali. "Ta ce ya ishe ka?"

"Ta ce har da ragi."

"Baban yara, da ka gaya min, ai da ni na zauna maka a shagon. Fitar da shafi ɗaya dai ba zai gagare ni ba. Ko mu ce wa mutane asibiti kake zuwa, in kunyar ce." Ta share ido da bayan hannu. "Babu wata kuma?"

"Sai bayan shekara uku. Lokacin na wuce."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke rigunan ɗaya bayan ɗaya, ta mayar cikin ledar tela, ta ɗora a saman kabad. Sannan ta ce, "Tashi ka wanke fuska kafin yara su dawo. In ka ci abinci ka je ka buɗe shagon, kar mutane su zo su tarar a rufe."

Darasin da ke cikin wannan labari, 'yan'uwa, shi ne mutum ya ji tsoron yaudarar kansa fiye da dariyar mutane. Malam Ƙamus ba daƙiƙi ba ne, kuma ba lokaci ya rasa ba, ba kuma mai koya masa ya rasa ba. Abin da ya gagare shi kawai ya ce ban sani ba, a nuna min. Duk mai shirin jarrabawa, ta Turanci ce ko ta wani abu, ya rufe shafin amsa, ya ajiye na'ura, ya gwada kansa yadda za a gwada shi. Abin da ya faɗi kar ya ɓoye, ya bi shi ya nemi dalili, ko a gaban wa. Makin da ka ba kanka ba ya bin ka cikin zauren jarrabawa. Ƙaramin maki na gaskiya, in an gan shi da wuri, ana iya gyara shi. Kuma in abu ya fi ƙarfinka, ka faɗa wa na kusa da kai tun da sauran lokaci, don sau da yawa suna da taimakon da ba ka zata ba.